Riƙon Ɗa Bayan Mutuwar Aure: Ɗan Waiwaye Kan Tarihi

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a ajina bara. Wata yarinya 'yar shekara 8, gwanar lissafi, ta daina zuwa lakwal ana tsakiyar shekara. Da na bi sawu, sai aka ce mini auren iyayenta ya mutu, uban ya ɗauke ta ya kai wa ƙanwarsa a wani ƙauye inda babu lakwal. Na tambayi dalili, aka ce: "Mushe, ai shari'a ce." Wannan amsa ita ta kai ni zauren malamai da cikin tsofaffin takardu, don in san wace shari'a ake nufi. Ga abin da na samo.

Ƙasarmu ta daɗe ƙarƙashin daular Barno, wadda babban birninta, Gazargamu, yake kusa da kogin Komadugu, ƙetaren iyaka ta yanzu. A ƙarni na 16 Mai Idirisa Alauma ya ƙarfafa alƙalai, ya danƙa shari'a a hannunsu. Mazhabar Malikiyya ake bi, littattafanta kuwa su ne waɗanda malamanmu ke karantarwa har yau, wato Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil. To, a cikinsu, riƙon yaro bayan saki, wanda malamai ke kira hadana, haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu, ko ta auri bare, riƙo ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan ga 'yar uwar uwa. Uba shi ne waliyyi, shi ke da ta cewa kan karatu da tarbiyya, kuma ci da sha da tufa duk suna wuyansa, ko a gidan wa yaron yake. In zai ƙaura ya zauna wuri mai nisa, yana da damar tafiya da ɗansa, muddin hanya da wurin suna da aminci.

Amma abin da ke littafi daban, abin da ake yi a ƙauye daban. A al'ada ɗa na uba ne. Wasu na karɓarsa da zarar an yaye shi, wasu na jira ya kai shekara 7. Kakanninmu suna da dalilinsu. A ruga, saniyar da aka ba yaro ranar suna tana cikin garken ubansa, to ina za shi ya bar ta? A bakin Komadugu kuwa gona na son hannu. Ga kuma gudun kada ɗa ya zama agola a gidan wani.

Da Nasara suka zo, ba su taɓa wannan ba. Dokarsu ta 10 ga Nuwamba 1903, wadda ta tsara shari'a a ƙasashen Afirka ta Yamma na Faransa, ta bar wa 'yan ƙasa al'adunsu kan sha'anin iyali. Daga baya kwamandan ke zama a kotu, da dattawan ƙasa a gefensa suna gaya masa al'ada. Dokar Mandel ta 1939 ta yi magana kan shekarun aure da yardar ma'aurata, ta Jakino ta 1951 kan sadaki, amma riƙon ɗa aka bar shi yadda yake.

Bayan samun mulkin kai, doka mai lamba 62-11 ta 16 ga Maris 1962 ta ce kan aure da saki da gado alƙali ya yi aiki da al'adar masu ƙara, tare da masana al'ada masu ba shi shawara. A zamanin Saini Kunce aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar a 1974, da Ƙungiyar Matan Nijar a 1975, aka kuma soma shirin rubuta kundin dokar iyali guda ɗaya. An gama daftarinsa a 1993, ƙungiyoyin addini suka ƙi shi, aka aje. An sake gwadawa a 2011, nan ma bai wuce ba. A tsakani, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, wadda ke cewa a duba amfanin yaro kafin kome.

Ke nan 'yan uwa, "shekara 7" da muke ji al'ada ce, ba hukuncin Risala ba ne. Wanda ya riƙe rabin littafi ya ce ɗa nasa ne, ya tuna da ɗaya rabin, mai cewa ciyarwa a kansa take.

Zamani ma ya sake. Fari na 1973 da na 1984 sun kashe garke da yawa, sun kori maza zuwa birane. Tun harin Boso da Difa na Fabrairu 2015, iyalai da dama suka watse. Sau da yawa uban da ya karɓi ɗa ba shi ke riƙonsa ba: yana ci-rani, yaro na hannun kishiyar uwa ko tsohuwar da ita ma riƙo take bukata.

Don haka ina roƙon iyayenmu, da ladabi, abu uku. Na farko, duk ranar da aka raba aure, a zauna gaban maigari da liman a faɗi wanda zai riƙe yaro da abin da uba zai riƙa bayarwa, a rubuta, shaidu su sa hannu. Na biyu, takardar haihuwa ta bi yaro duk inda za shi, kuma kada a cire shi daga lakwal ko makarantar allo ana tsakiyar karatu. Na uku, kada a hana shi ganin uwa ko uba. Aure ne ya mutu, zumunta ba ta mutu ba.

Yarinyar nan har yanzu sunanta na cikin littafin kiran suna, ban soke shi ba. Dattawan da suka san gidan, don Allah ku sa baki.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.

Ɗanku, malamin lakwal.