Gaba Da Gabanta: Tarihin Maci-Ƙwaya

Mutanen Tungar Daji ba su bukatar a gaya musu abin da ido ba ya gani yana kisa. Cikin 2010 ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum. Amma akwai waɗansu abokan gaba ɓoyayyu waɗanda su ke da rai, suna hayayyafa, watau ƙwayoyin cuta da likitoci ke kira bakteriya. Su ke kawo atini, da zazzabin taifot, da amai da gudawa. Ita wannan ta ƙarshe ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970. Cikin 2021 ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 3,000, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

To, gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Su ma ƙwayoyin nan suna da mai cinsu, ga kuwa labarin yadda aka gano shi.

Cikin 1915 wani likita a Landan, Frederick Twort, ya ga wani abu yana narkar da ƙwayoyin da ya ke reno a faranti. Cikin 1917 kuma Félix d'Hérelle, a Cibiyar Pasteur ta Faris, ya tace bayan gidan masu murmurewa daga atini, ya ɗiga ruwan cikin kwalba mai gurɓatacce da ƙwayoyin cutar. Gari na wayewa sai ya tarar ruwan kwalbar ya yi garau. Ya ce lalle wata halitta ce wadda ta fi ƙwayar cuta ƙanƙanta ta cinye su, ya sa mata suna bakteriyofaj, ma'anarsa maci-ƙwaya.

Ga yadda maci-ƙwaya ke yi. Kusan kowace ƙwayar cuta tana kewaye da bango, kamar gari da ganuwarsa. Shi sai ya maƙale a jikin ganuwar, ya tsiyaya irinsa ciki, ya mai da garin wurin ƙera 'ya'yansa. Kafin sa'a guda sun yi yawa, sa'an nan su fid da wani sinadari mai suna lisin, ya ɓarke ganuwar, su fito su faɗa wa na kusa. Kowane maci-ƙwaya da irin ƙwayar da ya ke ci, ba ruwansa da naman mutum.

Cikin 1919 d'Hérelle ya fara ba yara masu atini a wani asibitin Faris, bayan shi kansa ya sha don a tabbata ba ya cutarwa. Cikin 1927 ya tafi Indiya, aka riƙa zuba maci-ƙwaya cikin rijiyoyin ƙauyukan da amai da gudawa ta faɗa wa. Abokinsa George Eliava kuwa tun 1923 ya kafa cibiya a Tibilisi ta ƙasar Jojiya. Hukumar Sobiyet ta kashe Eliava cikin 1937, amma cibiyarsa tana nan tana aiki.

A zamanin nan ne kuma Alexander Fleming ya gano wani mai fasa ganuwa a jikinmu. Mura ta kama shi cikin 1921, ya sa majinarsa a faranti, ya ga ta narkar da waɗansu ƙwayoyi. Ya sami sinadarin nan cikin hawaye, da yau, da farin ƙwai. Amma abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne fenisilin, wanda ya gano cikin 1928. Da maganin nan ya wadata lokacin yaƙin Hitila, sai likitocin Ingila da Amurka suka jingine maci-ƙwaya, gama fenisilin ya fi sauƙin yi, kuma yana kashe ƙwayoyi iri iri.

Sa'ad da aka ba Fleming lambar Nobel cikin 1945 ya yi gargaɗi, ya ce in mutum ya sha maganin bai kai ƙima ba, ƙwayoyin za su saba da shi. Haka kuwa aka yi. Raunana su ke mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa, har magani ya zama kamar ruwa a gare su. Masana sun ƙiyasta cikin 2019 kaɗai irin ƙwayoyin nan sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, in kuma aka gwada da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki hasara.

Wannan ne ya sa aka waiwayi tsohon makami. Cikin 2001 Vincent Fischetti da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka ware lisin shi kaɗai, suka kashe ƙwayoyin cuta a bakin ɓeraye da shi. Cikin 2016 kuma aka ceci wani malamin jami'a, Tom Patterson, a San Diego. Ya kamu da ƙwayar da ta gagari magunguna, har ya fita hayyacinsa, aka sa masa maci-ƙwaya ta jijiya, ya farfaɗo.

Duk da haka kada mu yi gaggawar murna. Dole sai an binciko maci-ƙwayar da ya dace da cutar kowane majinyaci. Waɗansu ƙwayoyi kuma, har da ta amai da gudawa, suna da wata riga bisa ganuwarsu wadda ke tare lisin. Wani babban gwajin lisin da aka yi wa mutane ma an tsai da shi cikin 2022, don bai nuna fifiko ba.

Saboda haka, jama'a, kafin makamin nan ya iso Gummi ko Anka, mu tsare wanda ke hannunmu. Kada mu sayi kafso biyu a faifan mai talla ran kasuwa mu haɗiye don ciwon kai ko mura. In likita ya rubuta magani, a sha yadda ya ce. Mai gudawa a hanzarta ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti. A tafasa ruwan sha, a nisanta shadda da rijiya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, gama rigakafi ya fi magani.