Waƙar Sangaya da Rigimar Kiɗan Fiyano a Ƙasar Kano

Gabatarwa

Shekarar 1999 ta zo wa kiɗan Hausa da al'amura biyu waɗanda masu nazari ba za su manta da su ba. A ran 18 ga watan Yuni Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a Kano, aka kai shi Daura aka rufe. A cikin wannan shekara ce kuma wani kamfanin shirya fim na Kano mai suna Sarauniya ya fito da fim ɗin Sangaya, wanda waƙarsa ta game gari, alhali kuwa na'ura ce ta kaɗa ta, ba makaɗa ba. Manufar wannan lacca ita ce ta bi diddigin yadda aka yi wannan waƙa, da yadda jama'a suka karɓe ta daga birnin Kano har zuwa karkarar gabas, watau ƙasar Gaya da Ajingi, sa'an nan ta duba rigimar da ta biyo bayanta. Galibin masu suka a wancan lokaci sun tsaya ne a kan rawa da kwaikwayon Indiya. Amma akwai wani canji wanda ya fi wannan zurfi, shi ne cewa na'ura ta raba kiɗa da ma'abotansa na gado, ta sa kasuwa ta zama ubangidan mawaƙi.

Kiɗa da ma'abotansa

Ba za a gane girman wannan canji ba sai an tuna da matsayin kiɗa a zaman Hausawa na dā, kuma Gaya wuri ne da ya dace a fara. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran da suka fara zama a gindin dutsen Dala domin neman tama daga Gaya suka zo, shi ya sa ake kiran zuriyarsu Abagayawa. A labarin Bayajida ma, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. To, maƙera irin waɗannan suna da nasu kiɗa, watau dundufa, kamar yadda mahauta suke da kalangu, manoma suke da gangar noma. Tambari da kakaki na sarki ne, ba mai buga su ko busa su don talaka komai dukiyarsa. Kotso da taushi na makaɗan fada ne, shantu da ƙwarya kuwa na mata ne a cikin gida.

Saboda haka, a wancan tsari, wanda ya ji amon ganga daga nesa ya san ko wa ake yi wa kiɗa, ya kuma san ko wane gida ne ke kaɗawa. Kiɗa sana'a ce ta gado, ɗa yana koya daga ubansa, kuma kowane makaɗi yana da ubangida wanda yake ci da shi, yake tufatar da shi. Wannan ne ya ba makaɗi abinci, shi ne kuma ya ɗaure masa baki, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko da yake jama'a suna jin daɗin kiɗa, ba su ɗauki makaɗi da daraja ba, suna lissafa shi cikin maroƙa, har waɗansu gidaje ba su ba shi aure.

Lalle ne a ce tsarin ya fara sassautawa tun kafin zuwan na'ura. Shata bai gaji kiɗa ba, ya ɗauki kalangu ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa, bai zauna a ƙarƙashin ubangida guda ba. Ɗanmaraya Jos ya yi wa talakawa waƙa da kuntiginsa shi kaɗai. Rediyo da faifan garmaho da kaset sun kai muryoyinsu inda ƙafarsu ba ta taka ba. Amma duk da haka, hannun mutum ne ke dukan fata ko tsirkiya, kuma sai ya shekara da shekaru yana koyo.

Yadda aka yi waƙar

Sana'ar fim ɗin Hausa na bidiyo ta fara ne a Kano a 1990, lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya. Matasan da suka shiga sana'ar sun tashi ne da kallon finafinan Indiya, waɗanda gidajen silima na Kwarori suka daɗe suna nunawa a Kano, daga baya kuma gidajen talabijin suka ɗauka. Don haka ba abin mamaki ba ne da suka ga fim bai cika ba sai da waƙa. Matsalarsu ita ce kiɗa. Ɗauko makaɗan gargajiya yana da tsada, kuma salonsu na yabon mutum guda bai dace da waƙar saurayi da budurwa masu amsa wa juna ba. Sai suka juya ga ƙananan na'urorin kiɗa na lantarki, waɗanda Hausawa suka laƙaba wa suna fiyano.

Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya yi zurfin bincike a kan wannan fanni, ya nuna cewa a 1999 ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Iyan-Tama a Kano ya sami fiyano ƙirar Yamaha PSR-730, kuma waƙar Sangaya ce ta fara cin moriyarta. Abin da ya bambanta wannan na'ura da na baya shi ne yawan muryoyin kayan kiɗa da aka zuba a cikinta. Akwai amo mai kama da sarewa, da mai kama da bandiri, da na ganguna iri-iri. Mai kiɗa guda yana zaune a ɗaki, zai zaɓi amon da yake so, ya sa na'ura ta riƙe masa bugun tana maimaitawa ba gajiya, sa'an nan ya ɗora sarewa a kai da yatsunsa. Aikin da a dā sai an tara ƙungiya, yanzu mutum ɗaya ya isa.

Aminu Muhammad Sabo ne ya ba da umurni a fim ɗin. Labari ne na gidan sarauta, inda ɗan sarki, wanda Ali Nuhu ya fito a matsayinsa, ya kamu da son wata yarinya mai aikin gida mai suna Zubaina, wadda Fati Muhammad ta fito a matsayinta. Misbahu M. Ahmad ne ya rera muryar namiji a waƙar, 'yan wasa kuwa suna motsa baki suna rawa a jere bisa tsari, kamar yadda ake yi a finafinan Indiya. A lura da abu ɗaya a nan: an nuna fada, an nuna tufafin sarauta, amma ba tambari ba ne ke tashi, na'urar ƙasar Japan ce.

Karɓuwar waƙar

Tun kafin fim ɗin ya shiga kasuwa, an riƙa sa tallansa tare da waƙar a cikin waɗansu kaset-kaset, har jama'a suka ƙosa su gan shi. Da ya fito ya yi cinikin da ya sa masu kuɗi suka gane cewa akwai riba a sana'ar. A wannan shekara ce kuma mujallar Fim ta fara fitowa, mujallar Tauraruwa kuma ta fara amfani da sunan Kannywood. Daga nan ɗakunan kiɗa suka yawaita a Kano, furodusoshi suka koma neman waƙa tukuna kafin su nemi labari, kuma irin waɗannan waƙoƙi suka sami sunan nanaye.

Dalilan karɓuwar waƙar a fili suke. Na farko, kunnen Bahaushe ya ji amon da ya saba da shi, amma cikin sabon tsari mai sauri. Na biyu, bidiyo ta shiga inda silima ba ta shiga ba. A dā ana ganin gidan silima wurin 'yan iska ne, macen kirki ba ta zuwa. Kaset kuwa yana shiga har ɗakin matar kulle, maƙwabta su taru su kalla. Na uku, kaset yana bin hanyar kasuwa. Babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Wudil da Gaya ta nufi gabas ita ce ke kai hajar birni karkara, kuma abin da ya fito a Kano ba ya daɗewa bai isa kasuwannin ƙauye ba. Inda babu lantarki, rediyo mai batir ta isa a ji waƙa, gidan kallo mai janareta kuma ya isa a ga rawa.

A karkara irin ta Gaya da Ajingi, inda noma ne babbar sana'a, wannan canji ya taɓa abincin mutane kai tsaye. Mai kalangun da 'yan mata suke taruwa gabansa a dandali, da mai gangar da ake kira ranar biki ko suna, sun sami kishiya wadda ba ta gajiya, ba ta neman tuwo, ba ta kuma jiran kari. Sannu a hankali lasifika ta karɓe filin biki, har aka kai ga zamanin masu kiɗan DJ da wayar hannu.

Rigima

Nasarar Sangaya ta zo daidai da wani babban motsi a ƙasar Hausa. A watan Oktoba na 1999 Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, a watan Yuni na 2000 kuma Jihar Kano ta bi sahu. Malamai da iyaye da marubuta a jaridu suka ɗora wa waƙoƙin fim laifi iri uku. Malamai suka ce cuɗanyar maza da mata a fagen rawa ta saɓa wa addini. Masu kishin al'ada suka ce a gargajiyance saurayi da budurwa ba su rawa tare suna bayyana soyayya a bainar jama'a, wannan ɗabi'ar Indiya ce, kuma tana kashe kunya. Masana kiɗa kuwa suka ce abin da fiyano ke fitarwa inuwar kiɗa ce kawai, domin ba ta iya magana kamar yadda kalangu ke yi idan gwani ya matsa tsirkiyarsa. 'Yan fim suka amsa da cewa abin da masu saye suke so ke nan, fim marar waƙa kwantai yake yi.

A watan Disamba na 2000 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da shiryawa da sayar da finafinai a Jihar Kano. Bayan tattaunawa da shugabannin 'yan fim, aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma cikin ƙa'idodinta na farko har da hana rawar maza da mata tare. Ba Sangaya kaɗai aka nufa ba, hasali ma tufafin cikinta na mutunci ne idan aka gwada da na finafinan da suka biyo baya. Amma ita ce ta buɗe ƙofar, kuma idan bera da sata, daddawa ma da wari, domin jama'ar da ke suka ita ce ke saye.

Rigimar ta yi tsanani a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, lokacin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar daga 2007. A wannan shekara aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifan waƙoƙinsa na Bahaushiya. A ƙarshen 2008 aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukuncin ɗauri a kan fim ɗinsa Tsintsiya, hukuncin da babbar kotu ta soke daga baya. A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Hasbunallahu ta Aminu Ala. Abin lura shi ne, galibin waɗannan waƙoƙi ba na rawa ba ne, na kukan mawaƙa ne a kan matsin da suke ciki. A nan ne ainihin canjin ya bayyana. Mawaƙin da ba shi da ubangida, wanda kasuwa ke ci da shi, ba mai iya tsawata masa a zaure, sai dai a kai shi kotu. Hukumar tacewa ta zo ne ta cike gurbin da ubangida ya bari.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ta ga irin wannan ba. A Ingila, tun daga 1976, waɗansu matasa suka fara wani salo da suka kira kiɗan masana'anta, inda ake haɗa ƙarar injuna da na'urori a yi waƙa. A Amurka ƙungiyar Nine Inch Nails ta fito da waƙar Closer a 1994, ta yi farin jini ƙwarai, amma sai da aka yanke sassan hotunanta kafin tashar MTV ta nuna ta. Bambancin shi ne, su can da gangan suke neman tsokana, masu Sangaya kuwa sauƙi da araha suka nema, tsokanar ta same su a hanya.

Kammalawa

Na'urar da aka tsana ita ce daga baya kowa ya runguma. Masu begen Annabi da yawa sun haɗa fiyano da bandiri ko sun koma gare ta ɗungurungum. 'Yan siyasa sun mai da mawaƙan situdiyo makaɗan fadarsu, watau ubangida ya dawo ta wata ƙofa. 'Ya'yan malamai da na attajirai da 'yan boko, maza da mata, sun shiga waƙa ba tare da an kira su maroƙa ba, wannan kuwa riba ce da ba a musunta ta.

Hasarar ita ce ta gidajen gado. Amon ganga yana nan a cikin na'ura, amma take da kirari, da sanin wane kiɗa ne na wane gida, ba su shiga cikinta ba, suna cikin kawunan tsofaffin makaɗa ne kurum. A garuruwa irin su Gaya, inda tarihin ƙira ya kai tsufan tarihin Kano kanta, nauyi ne a kan jami'o'i da masarautu su ɗauki sautin waɗannan dattawa, su rubuta bayanansu, su kuma samar wa 'ya'yansu dalilin koyo, tun suna da rai.