Niki Lauda: Direban Da Ya Fito Daga Wuta Ya Koma Tsere, Da Littafin Tarihin Rayuwarsa

Andreas Nikolaus Lauda, wanda duniya ta fi sani da Niki Lauda, direban tseren motoci ne ɗan ƙasar Ostiriya da ya lashe kambun duniya na gasar Formula One har sau uku, a shekarun 1975 da 1977 da 1984. An haife shi a birnin Vienna ranar 22 ga Fabrairun 1949, ya kuma rasu a wani asibiti da ke Zurich ta ƙasar Suwizalan ranar 20 ga Mayun 2019, yana da shekara 70. Ya shiga tsere 171 a gasar, ya zo na ɗaya a 25 daga cikinsu.

Littafin tarihin rayuwarsa, wanda ya rubuta tare da ɗan jarida Herbert Völker, ya fito da Jamusanci a 1985 da sunan Meine Story, sannan fassararsa ta Turanci ta biyo baya a 1986 da sunan To Hell and Back, sunan da ke nuni da shiga wuta da fitowa daga cikinta. Har yau ana lissafa shi cikin littattafan da suka fi bayyana gaskiyar wannan sana'a, domin marubucinsa bai ɓata lokaci wajen yabon kansa ba, kuma bai ji nauyin kowa ba.

Formula One ita ce ƙololuwar tseren motoci a duniya, an kuma fara gasarta ta duniya a 1950. Kowace ƙungiya tana ƙera motarta mai kujera ɗaya, ana zagaya ƙasashe ana fafatawa, ana tara maki har ƙarshen shekara. A zamanin Lauda wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 9, na biyu 6, na uku 4, a yi ta raguwa har na shida mai maki ɗaya. Wannan lissafi yana da muhimmanci a tarihinsa, domin da maki ɗaya ya rasa kambu, da rabin maki kuma ya ci wani.

Bashin banki da shiga Ferrari

Lauda ɗan gidan masu kuɗi ne, zuriyar masu masana'antu. Sai dai arzikin gidan bai amfane shi a wannan hanya ba, domin iyalinsa sun ɗauki tseren mota a matsayin zubar da mutuncin gida. Kakansa, Hans Lauda, ya yi amfani da faɗa-a-jinsa ya rusa yarjejeniyar ɗaukar nauyi da jikan ya ƙulla da wani banki. Saurayin ya yanke hulɗa da kakan, ya nufi wani bankin ya ci bashi, ya jingina inshorar rayuwarsa, ya sayi gurbin tuƙi a ƙungiyar March ta Ingila. Ya fara tseren Formula One a gida Ostiriya a 1971, ya yi cikakkiyar kaka da March a 1972 cikin mota marar kirki, sannan ya koma BRM a 1973, bashi na nan a wuyansa.

Abokin aikinsa a BRM, Clay Regazzoni, shi ne ya yaba shi a gaban Enzo Ferrari, mai kamfanin Ferrari na Italiya. A 1974 aka ɗauke shi, albashin da aka yanka masa kuma ya ishe shi biyan bashinsa. Labarin gwajinsa na farko ya shahara: ya tuƙa motar, ya sauko ya ce ba ta da kyau, a gidan da ba wanda ke iya kushe mota a gaban mai ita. Daga nan ya duƙufa da injiniya Mauro Forghieri suna gyara da gwaji ba dare ba rana. Ya yi nasararsa ta farko a Sifaniya a 1974, a 1975 kuma ya ci tsere biyar da motar 312T, ya kawo wa Ferrari kambun direbobi na farko tun wanda John Surtees ya ci a 1964.

Ranar 1 ga Agustan 1976

Tsohon filin tsere na Nürburgring da ke Jamus hanya ce mai tsawon kusan kilomita 23, mai ratsa dazuzzuka da tuddai, da kwanoni fiye da 150. Tsawonta ya sa ba a iya wadata ta da masu kashe gobara da likitoci, kuma yakan faru ana ruwa a wani ɓangarenta alhali wani ɓangaren a bushe yake. Lauda ba baƙonta ba ne. A 1975 ya zagaye ta cikin ƙasa da minti bakwai, abin da ba a taɓa yi ba a Formula One. Duk da haka, shi ne ya nemi direbobi su ƙaurace wa tseren 1976 saboda rashin tsaro. Aka kaɗa ƙuri'a, ya sha kaye, ya shiga mota kamar kowa. A lokacin yana kan gaba a teburin maki da tazara mai faɗi.

A zagaye na biyu, dab da kwanar Bergwerk, motarsa ta ƙwace ta bugi gefen hanya, ta kama da wuta, ta dawo tsakiyar titi, inda wasu motoci biyu suka afka mata. Hular kwanonsa ta cire. Direbobi huɗu ne suka tsayar da motocinsu suka nufi wutar: Arturo Merzario da Brett Lunger da Guy Edwards da Harald Ertl. Merzario ne ya kutsa ya kwance ɗamarar kujerar da ta riƙe shi. Lauda ya ƙone a kai da fuska, ya rasa mafi yawan kunnensa na dama, fatar idanunsa ta lalace. Amma abin da ya kusa kashe shi hayaƙi ne mai guba da ya shaƙa, wanda ya illata huhunsa. A asibitin Mannheim har an kira limamin coci ya yi masa addu'ar da Katolika ke yi wa wanda ke bakin mutuwa.

A littafinsa ya bayyana cewa bai tuna komai game da hatsarin kansa ba; abin da ya sani ya samo shi ne daga hoton bidiyo da bakin waɗanda suka gani. Abin da ya tuna shi ne kwanciyar asibiti, yadda ya riƙa bin muryoyin mutanen da ke ɗakin da kunnensa don kada hankalinsa ya gushe, da azabar zuƙe dattin huhu da ya yarda a riƙa yi masa. Yana ba da wannan labari ne ba tare da neman tausayi ba, kamar bakanike na bayanin gyaran inji.

Tsere biyu kawai ya rasa, na Ostiriya da na Holan. Makonni shida bayan hatsarin, ranar 12 ga Satumba, ya bayyana a Monza ta Italiya da bandeji a kai, ya ƙare a matsayi na huɗu. Waɗanda suka gan shi yana cire hula bayan tseren sun ga jini ya jiƙa ƙyallen da ke kansa. A wancan lokaci ya nuna wa 'yan jarida cewa ba abin da ke damunsa. Sai a littafin ne ya fito fili ya ce tsoro ya kama shi ƙwarai a ranar gwajin farko, har ya kasa tuƙi, ya koma masauki ya zauna ya tattara hankalinsa, ya yanke shawarar fara tuƙi a hankali yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Ya ɓoye hakan ne don kada abokan hamayya su ga lagonsa. Wannan sashe shi ne mafi daraja a littafin, domin da wuya a samu gwanin da zai rushe tatsuniyar jarumtar da mutane suka gina masa da hannunsa.

Ruwan Fuji

Kafin ya dawo, James Hunt na Birtaniya, direban McLaren, ya riga ya cinye mafi yawan tazarar. An je tseren ƙarshe a Fuji ta ƙasar Japan ranar 24 ga Oktoba, Lauda na da maki 68, Hunt na da 65. Aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta cika da ruwa, na baya ba ya ganin na gabansa. Bayan zagaye biyu Lauda ya shigo da motarsa ya kashe, ya ce ransa ya fi kambu. Idanunsa da suka ƙone ma ba sa ƙiftawa yadda ya kamata. Forghieri ya ba shi shawarar a ce motar ce ta samu matsala, ya ƙi, ya ce a faɗi gaskiya. Hunt ya zo na uku, ya samu maki 4, ya lashe kambun da 69.

Wasu jaridun Italiya da suka kira shi jarumi a Monza sun koma kiransa matsoraci. Dangantakarsa da Ferrari ta yi tsami, musamman ganin cewa tun yana jinya kamfanin ya ɗauko Carlos Reutemann na Ajantina. Amsarsa ita ce lashe kambun 1977 da nasara uku, a Afirka ta Kudu da Jamus da Holan, yana tabbatar da kambun kuma ya tattara kayansa ya bar Ferrari saura tsere biyu a gama kaka. Shi da Hunt kuwa abokai ne tun suna neman suna a ƙananan gasanni, ba maƙiya ba. Hamayyarsu ce aka mayar fim mai suna Rush a 2013, wanda Ron Howard ya ba da umarni, Daniel Brühl ya fito a matsayin Lauda. Tun daga 1976 ba a sake tseren Formula One a tsohon Nürburgring ba.

Ritaya, dawowa da rabin maki

Ya yi kaka biyu a Brabham ta Bernie Ecclestone. A 1979, ana tsakiyar gwaji a Montreal ta Kanada, ya sauko daga mota ya ce ya gaji da zagaya da'ira, ya tafi ya kula da kamfanin jiragen sama da ya kafa, Lauda Air. A 1982 McLaren ta dawo da shi. Tun kafin tseren farko na kakar, a Kyalami ta Afirka ta Kudu, shi da Didier Pironi suka jagoranci yajin aikin direbobi kan sharuɗɗan sabon lasisi da suke ganin zai ɗaure su a hannun ƙungiyoyi; direbobin suka kulle kansu a ɗaki ɗaya na wani otal a Johannesburg suka kwana. A tserensa na uku da dawowa, a Long Beach ta Amurka, ya zo na ɗaya. Kyalami na cikin filayen da suka karɓe shi, domin sau uku ya yi nasara a can. Rabon nahiyar Afirka da karɓar gasar tun 1993.

A 1984 aka haɗa shi ƙungiya ɗaya da Alain Prost na Faransa, wanda ya fi shi ƙuruciya da gudu. Lauda ya amince da hakan a littafinsa ba tare da kwana-kwana ba. Da ya ga ba zai kamo Prost a gwajin neman gurbin farawa ba, sai ya mayar da hankali kan saita motarsa domin ranar tseren kanta, da lallaɓa taya da mai. Prost ya ci tsere bakwai, Lauda biyar, ciki har da na gida Ostiriya, kuma ko sau ɗaya bai fara daga gurbin farko ba a kakar. A tseren ƙarshe a Estoril ta Fotugal ya tashi daga na 11 ya ƙare na biyu a bayan Prost. Sakamako: 72 da 71.5, tazara mafi ƙanƙanta a tarihin gasar. Rabin makin ya samo asali ne daga tseren Monaco, wanda aka tsayar saboda ruwa aka raba rabin maki, Prost ya samu 4.5 maimakon 9. Nasararsa ta ƙarshe ita ce ta Holan a 1985, shekarar da ya yi ritaya ta dindindin.

Ba mutum ne mai riƙon kayan tarihi ba. Kofunan da ya ci da dama ya ba wani mai garejin unguwa, a madadin wankin mota kyauta. Jar hular da ya riƙa rufe tabonsa da ita kuwa ya mayar da ita allon talla, kamfanoni na biyansa don a sa sunansu a goshinta.

Abin da littafin bai kai gare shi ba

Littafin ya tsaya ne a ƙarshen tuƙinsa, saboda haka babu labarin ranar 26 ga Mayun 1991 a cikinsa. A ranar ce jirgin Lauda Air samfurin Boeing 767, da ya taso daga Bangkok zuwa Vienna, ya tarwatse a sararin samaniyar Tailan, mutum 223 da ke ciki duka suka rasu. Lauda, wanda shi ma matuƙin jirgi ne, ya je dajin da tarkacen ya zuba da kansa. Bincike ya gano cewa na'urar da ke juya ƙarfin inji baya, wadda ake amfani da ita wajen rage gudu bayan sauka, ita ce ta buɗe jirgin na sama. Ya tafi Seattle ya matsa wa kamfanin Boeing lamba har ya amince a fili cewa matuƙa ba za su iya ceto jirgi a irin wannan hali ba, aka kuma sauya tsarin na'urar. Ya sha faɗa daga baya cewa wannan masifa ta fi ƙonewarsa yi masa ciwo, domin shi da kansa ya zaɓi kasada da ransa, fasinjojin kuwa tikiti kawai suka saya.

Ya ci gaba da harkar jirage, ya kafa kamfanin Niki a 2003. Ya yi wa Ferrari aikin ba da shawara a shekarun 1990, ya shugabanci ƙungiyar Jaguar daga 2001 zuwa 2002 ba tare da wata nasara ba. A 2012 ya zama shugaban hukumar gudanarwar ƙungiyar Mercedes, ya kuma taka rawa wajen shawo kan Lewis Hamilton ya baro McLaren. Hamilton ya ci shida daga cikin kambunansa bakwai a Mercedes.

Lafiyarsa ta daɗe tana ba shi wahala. An yi masa dashen ƙoda sau biyu, a 1997 da 2005, sannan dashen huhu a watan Agustan 2018 a Vienna. Kwana shida bayan rasuwarsa aka yi tseren Monaco, inda direbobi suka tsaya shiru na minti ɗaya sanye da jajayen huluna, Hamilton kuma ya lashe tseren da hular kwano mai ɗauke da sunan Lauda. An yi taron jana'izarsa a babban cocin St. Stephen da ke Vienna ranar 29 ga Mayun 2019, an ɗora hular kwanonsa a kan akwatin gawar.