Daga Zauren Dagaci Zuwa Ɗakin Taro: Wurin Shawara a Ƙauyen Hausa

Gabatarwa

Kowace al'umma tana buƙatar wurin da za ta zauna ta yanke shawara a kan abin da ya shafe ta. A ƙauyen Hausa, zauren mai gari ne ya daɗe yana riƙe da wannan aiki, tare da dandalin da ke gabansa. A 'yan shekarun nan kuma ɗakunan taro na bulo da kwano suna ɓullowa a karkara, galibinsu ayyukan ƙananan hukumomi ko na 'yan majalisa. Wannan maƙala za ta nuna cewa ɗakin taro ba zai amfani ƙauye ba sai ya gaji abin da ya raya zaure, ya kuma gyara inda zaure ya gaza.

Abin da ya raya zaure

Zaure shi ne ɗakin farko a gidan Bahaushe, ƙofa ɗaya tana kallon waje, ɗaya tana kallon cikin gida. Magina kan ba shi kulawa ta musamman, su ɗora azarar giginya, su ɗaure bakan gizo domin rufi ya yi faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Na dagaci kuwa ya zama na gari baki ɗaya. Nan ake sasanta manomi da makiyayi idan shanu sun yi ɓarna, a raba gardamar iyakar gona, a sa ranar gayya don gyaran hanya ko yashe rijiya. Baƙon da dare ya yi wa, nan ake sauke shi.

Abu uku ne suka ba shi wannan matsayi: mai shi yana nan kullum, ƙofarsa ba ta rufuwa da rana, kuma jama'a sun yarda da maganar da ta fito daga cikinsa. Tarihin allurar shan inna ya nuna nauyin wannan yarda. A 2003 aka dakatar da allurar a Kano saboda zargin da ya bazu a kanta, cutar ta sake yaɗuwa har ƙasashen maƙwabta. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, da goyon bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Saƙo ya riƙa gangarowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, har ya isa ga magidanta ta bakin wanda suka sani. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Inda zaure ya gaza

Duk da haka, zaure gidan mutum ɗaya ne, kuma a gidan mutum ba a faɗa masa duk abin da ke zuciya. A zamanin En'e, dagaci ne ke tattara haraji, saboda haka talakan da ya shiga jam'iyyar NEPU bayan kafa ta a Kano a 1950 ba shi da bakin magana a gabansa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon masu sarauta, tsarin mulkin 1999 kuma bai ba su wani gurbi ba. Nauyin sulhu yana kansu har yau, amma kuɗi da iko sun koma sakatariya.

Babban giɓin shi ne mata. Su ne ke fama da ƙarancin ruwa, su ke kai yara asibiti, su ke riƙe da adashi, amma ba su da tabarma a zaure. Matasa ma sun ja gefe, sun buɗe majalisunsu a bakin hanya, kamar yadda samarin Damagaram suke haɗuwa a majalisar da suke kira fada suna dafa shayi. Wani zai ce masallaci ya wadatar. Masallaci wurin ibada ne, bai dace da cinikin taki ko gardamar siyasa ba, kuma akwai garuruwan da Musulmi ke zaune tare da Kirista ko Maguzawa. Buƙatar wuri na kowa da kowa gaskiya ce.

Me ya sa ɗakunan taro ke mutuwa?

Mai yawo a karkara zai ga da yawansu a kulle, iska ta yaye kwano, awaki suna kwana a baranda. Dalili shi ne an kawo su daga sama. Ɗan kwangila ya gina, an yanka kintinkiri, an miƙa makulli ga wanda ba ya kwana a garin. Wanda bai ɗebo yashi ba, bai kai ruwa wajen ginin ba, ba zai ji ciwon yoyonsa ba. Ga ɗaki na kowa, amma ba shi da mai shi, wato an rasa ginshiƙin farko da ya riƙe zaure.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata gari ya sa ƙarfinsa a ginin tun daga tushe, a damƙa shi ga kwamitin da ya haɗa dagaci da liman da wakilan mata da matasa da makiyaya, makulli ya kwana a garin. A keɓe ranakun mata, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru don ilimantar da matan karkara tun ƙarni na 19. A yi karatun manya da awon ciki da taron manoma a ciki, domin ƙofa ta riƙa buɗuwa kullum. Idan aka yi haka, dagaci zai ci gaba da sulhu a zaurensa, matar da ke fama da rijiyar da ta ƙafe kuma za ta sami wurin da za ta faɗi damuwarta da bakinta.