Kwalejin Barewa da 'Ya'yan Kwarin Rima

Yaron da ya gama firamare yau a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi ba sai ya yi nisa ba kafin ya sami sakandare. Ga Kwalejin Nagari a cikin gari, ga ta Kanta a Argungu, ban da makarantun jeka-ka-dawo da ke unguwanni. A zamanin kakan kakansa kuwa ƙofa ɗaya ce tak a Arewa baki ɗaya, kuma tana can Katsina. Masarautun Gwandu da Argungu duk a Lardin Sakkwato suke a lokacin, saboda haka duk wanda Allah ya ciyar da shi gaba sai ya bi ta Sakkwato, daga nan ya kama hanyar Katsina, tafiyar kusan mako guda a ƙasa, da 'yan komatsansa a ka.

Makarantar da suke nufa ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Ginin ƙasa ne irin na gida, mai kauri da sanyi, yana nan tsaye har yau an mai da shi gidan tarihi. Abin da Turawa suka nufa da ita bai da yawa: a horar da samari Musulmi su zama malaman makaranta, a mai da su lardunansu su koyar. Ba su yi niyyar fitar da likita ko injiniya ba, balle ɗan siyasa.

Karatun shekara biyar ne, kuma Ingilishi shi ne ƙashin bayansa. Ana koyar da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, amma inda aka fi matsa wa yara shi ne furuci, a sa su maimaita kalma har sai ta fito yadda malami yake so. Wanda ya taɓa sauraren jawaban Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ji amfanin wannan horo da kunnensa. A gefe guda kuma ba a saki Larabci da addini ba. Malamai irin su Malam Bello Kagara da Malam Nagwamatse suna cikin masu koyarwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da sarakunan da ke ɗari-ɗari da boko.

Birnin Kebbi ma tana da nata hannu a rayuwar kwalejin, ta wajen wasa. Ƙwallon Fives, wanda ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, wani malami Bature mai suna Hogben ake dangantawa da shigo da shi Najeriya, lokacin da yake koyarwa a makarantar Birnin Kebbi a shekarun 1920. Wasa ne na makarantar 'ya'yan manya ta Eton a Ingila, amma ya dace da nan ƙwarai, don ba ya bukatar komai sai bango da ƙwallo. A Katsina ya sami gindin zama, ɗaliban kwaleji suka watsa shi duk inda aka tura su aiki. Ahmadu Bello bai rabu da shi ba har ya zama Firimiyan Arewa, kuma har gobe ana gasar Kofin Sardauna.

Shi Ahmadu Bello ya gama kwalejin a 1931, ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa, kamar yadda aka tsara, har zuwa 1934 da aka naɗa shi hakimin Rabah. Abin da ba a tsara ba shi ne yadda makarantar Ingilishi ta zama gidan haihuwar ƙagaggun labaran Hausa. Da wani Bature mai suna Rupert East ya shirya gasar rubutu a 1933, uku daga cikin littattafan da suka yi fice na mutanen kwalejin ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na malaminsu Bello Kagara.

A 1938 aka kwashe makarantar zuwa Kaduna, ta koma Kwalejin Kaduna. Kafin nan an fara buɗe mata fage ta wuce horon malamai kaɗai, kimiyya ta shiga manhaja. Shehu Shagari na cikin waɗanda suka ci moriyar wannan canji. Ya fito daga Midil ta Sakkwato ya shiga Kaduna a 1941, ya dawo ya zama malamin kimiyya a Midil ɗin da ya fito, sannan a farkon shekarun 1950 aka tura shi Argungu a matsayin hedimasta. Yaran Kabawa da suka zauna gabansa a aji ba su san suna gaban wanda zai shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983 ba. Malami suka gani mai alli a hannu, wanda ya tsara Waƙar Najeriya don yara su haddace labarin ƙasarsu da harshensu. Ta irin wannan hanya ce karatun kwalejin ya riƙa isowa kwarin Rima, aji bayan aji.

Ƙaura ta ƙarshe ita ce ta 1949, zuwa Zariya. A can ta zama cikakkiyar sakandare, aka san ta da Kwalejin Gwamnati ta Zariya, har 1971 da ta ɗauki sunan Barewa. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed sun yi karatu a can kafin su shiga soja, Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma ya yi karatun share fagen jami'a. Idan aka haɗa da Tafawa Ɓalewa da Shagari, mutum biyar ke nan da suka riƙe ragamar ƙasa daga makaranta ɗaya.

Ana yawan kawo wannan lissafi don alfahari, kuma ya cancanta. Amma a cikinsa akwai abin baƙin ciki da bai kamata a rufe ba. Dalilin da ya sa shugabanni suka taru a makaranta ɗaya shi ne an daɗe babu wata. Yanki mai miliyoyin mutane ya yi shekara da shekaru yana tura 'yan tsirarun yara a kowace shekara, yawancinsu 'ya'yan sarauta da na malamai, babu mace ko ɗaya. Ɗan masunci a Argungu ko ɗan manomin shinkafa a fadamar Gwandu, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa, da wuya labarin kwalejin ma ya iske shi. Giɓin da wannan ya bari tsakanin Arewa da Kudu ya bayyana sarai a 1960, lokacin da aka rasa isassun ma'aikatan da za su gaji Turawa, kuma har yau ba a gama cike shi ba.

Barewa ta yau makarantar kwana ce ta maza a hannun gwamnatin Jihar Kaduna, shekara uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, da ɓangaren kimiyya da na fasaha, a rufe da jarrabawar WAEC da NECO kamar kowace makaranta. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, wadda ta samo asali tun 1939, tana taimakawa wajen gyaran gine-gine da kayan aiki. Gidajen kwanan ɗalibai kuwa suna ɗauke da sunayen mutanen farko, Turawa da 'yan ƙasa a jere: Clifford, Ɗan Hausa, Mort, Bello Kagara, Nagwamatse, Ja'afaru da Suleiman Barau.