Matan da suka shiga majalisa da zaren saƙa

A taron malamai na ƙarshen zango, wata abokiyar aikina takan ciro zaren ulu daga jaka, tana saƙa wa jaririyarta hula, kunnenta na ga shugaban makaranta. Aji huɗu gare ta, ga takardun jarrabawa, ga tukunya na jiranta a gida. Ran nan wani malami ya kira ta tricoteuse, aka tuntsire da dariya. A Faransanci ma'anar kalmar mai saƙa, amma akwai tsohon zagi a cikinta, wanda asalinsa birnin Paris ne, zamanin juyin juya hali.

Matan talakawan Paris ba ƴan rakiya ba ne a wannan juyi. Su ne suka taka da ƙafa har fadar Versailles ran 5 ga Oktoba 1789 saboda tsadar burodi, washegari suka taso sarki Louis na 16 gaba zuwa cikin birni. Duk da haka ba a ba su ƙuri'a ba, balle kujera. Abin da aka bar musu shi ne benen ƴan kallo, a majalisar ƙasa da zaurukan ƙungiyoyin siyasa. Suka kuwa cika shi.

To amma mu dubi yinin irin wannan mace. Tun kafin asuba tana layi a ƙofar gidan burodi. Daga nan sai wankau, ko ɗinki, ko talla, ga ƴaƴa. Zaman majalisa kuwa yakan ci rabin yini, taron unguwa sai da dare. Duk sa'ar da ta zauna sauraron jawabi, sa'a ce da ba ta sami ko anini ba. Saƙa ce ta raba wannan gardama. Ba ta bukatar tebur, ba ta tsare ido, ana ajiye ta a ɗauka inda aka tsaya. Yatsu na ɗaure zare, kunne na bin mai magana, baki kuwa a sake yake, ya yaba ko ya yi eho. Ita kanta hukuma aikin hannunsu take so: dokar gayyar yaƙi ta 23 ga Agusta 1793 ta ɗora wa mata ɗinkin tantuna da tufafin soja da jinya a asibitoci. A ganina, wannan zare shi ne kuɗin shigar matalauciya cikin siyasa. Mai baiwa a gida ba ta bukatarsa.

Zaman bai yi wa manya daɗi ba. A watan Mayu 1793 Pauline Léon da Claire Lacombe suka kafa ƙungiyar mata ƴan jamhuriya. Ran 30 ga Oktoba na shekarar majalisa ta haramta duk ƙungiyoyin mata. Benen dai bai mutu ba sai a 1795, shekarar da yunwa ta tsananta. Ran 20 ga Mayu mata suka ja gaba, jama'a ta kutsa zauren majalisa tana neman burodi da tsarin mulkin 1793. Aka kore su daga benen da bulala. Bayan kwana uku aka yi dokar da ta ce su koma gidajensu, in an ga mata sun haura biyar a hanya a kama su.

Masaniyar tarihi Dominique Godineau, a littafinta na 1988, ta nuna cewa a wannan ƙarshen ne sunan ya soma yaɗuwa da sigar zagi. Hoton da ya fi zama a zukata, na tsofaffi zaune gindin na'urar fille kai suna ƙirga kawuna da tsinken saƙa, marubutan baya ne suka ƙawata shi. Charles Dickens na Ingila ya ƙarasa aikin a 1859, da ya ƙago Madame Defarge, wadda ke saƙa sunayen waɗanda za a kashe. Ba na cewa hannun matan nan fari ne tas. Akwai waɗanda suka yi murnar kisa, kamar yadda maza suka yi, sai dai ba a laƙaba wa mazan suna daga sana'arsu ba.

Matan Faransa ba su jefa ƙuri'a ba sai a watan Afrilu 1945, shekara 150 bayan an rufe musu benen. Abokiyar aikina kuwa ta gama hular kafin a tashi taron, kuma ita ce ta tuna wa shugaban maganar da ya tsallake.