Karayar wuyan hannu: daga ɗauri zuwa komawa aiki

Wuyan hannu yakan karye ne idan mutum ya faɗi ya tokare ƙasa da tafinsa, kamar faɗuwa daga kabu-kabu ko santsin tsofaffi. A nan Damagaram wasu mai ɗori suke nufa, wasu babban asibitin Zinder, inda ake ɗaukar hoton ƙashi a ga ko ya goce kafin a sa siminti.

Babba yakan yi kamar sati 6 da ɗaurin, yaro bai kai haka ba. A riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji, ana motsa yatsu da gwiwar hannu da kafaɗa kullum. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka dushe ko suka mutu, to ɗaurin ya matse: a garzaya likita nan take, don jinkiri kan jawo yanke hannu.

Bayan kwancewa hannun zai sage, wannan ba abin tsoro ba ne. A fara da cin abinci da sa tufa. Daka, jan guga, noma da tuƙin babur su jira kamar wata 3, sai likita ya yarda. Cikakken ƙarfi yakan ɗauki har shekara guda.